Saran Ƙarshe a Rijiyar Adar

Tun da na dawo daga ƙasar Adar mutane ba su bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci, a kasuwar Kusada, har a tashar Kankiya, tambayar ɗaya ce: "Magini, an ce kun je haƙo fetur, ina galan ɗinmu?" Na ba da labarin ban san iyaka ba, kuma kullum in na koma gida sai damuwa ta kama ni, ko na ƙara wani abu, ko na rage. Shi ya sa na sayi littafin rubutu, na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Firamare kaɗai na yi, a yi mini uzuri.

Sana'ata ginin rijiya, a hannun mahaifina na koya a nan Dudunni. Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, don haka Ummi nake ce mata. Ita ce ta yi nisa a boko, yanzu tana digiri na uku a kan duwatsun da ke haifar da man fetur da yadda ake sauraron ƙarƙashin ƙasa da na'ura. Tun tana ƙarama in na fito da ƙasa daga rijiya sai ta zauna tana ware ta kala-kala. Ni ina tsawata mata kada ta matsa bakin rami, ashe karatu ta fara.

Gab da damina ta zo gida ta same ni ina gyaran igiya. Ta ce, "Baba, aikina ya tsaya a kan abu ɗaya. Akwai wata baƙar laka a ƙarƙashin ƙasar Adar, can cikin Nijar. Ta sama rana da iska sun ɓata ta, ba ta da amfani a wurin gwaji. Ina son ta ƙasa, wadda ba ta taɓa ganin haske ba. Farfesa ya ce in babu ita, shekara ukun da na yi babu gindin da za su tsaya a kai."

Na ce, "To, mi ya hana a ɗebo?"

Ta ce akwai tsohuwar rijiya da ta kai wurin, amma maginan garin sun ce ba za su shiga ba. In kuma ruwan sama ya sauka rijiyar za ta cika, sai wata shekara, takardar izninta kuwa ba za ta kai ba. Ta ce ita rakiya kaɗai take so, in je in yi musu magana irin ta abokan sana'a. Na ce to. Amma da ta juya na zare ƙarfen dagina na naɗe a buhu.

Kwana uku kafin tafiya na kasa cin abinci sosai. Na nemi yafiyar kowa, na nuna wa maiɗakina inda takardar gona take. Katin shaidata kuwa, don tsoron kada ya faɗi, na naɗe shi a leda na ɗinke cikin ƙugun wando.

Daga Kusada muka zo Kankiya da sassafe muka tsaya bakin titi. Kayan Ummi akwati biyu ne na baƙin roba, ɗaya cike da waya, ga kuma faifan ƙarfe mai nauyi. Direban bas ya ɗaga ɗaya ya ce, "Hajiya, gawar inji ce a ciki?" Na ce masa ya daina ambaton gawa da safe. Har muka isa Katsina idona na kan bayan mota. Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa ban bar carbi ba, kowa ya san yadda zuciya take a wannan hanya.

A kan iyaka aka ce kowa ya fito da kati. Nan na tuna inda nawa yake. Sai da na ari reza wurin mai yankan farce, na zaga bayan rumfa na farke ɗinkin, ina riƙe da wando da hannu ɗaya, mutanen mota suna jira. Jami'in ya duba katin ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ko ɓarawo ya gan shi sai ya tausaya maka." Akwatunan suka buɗe, suka ga ƙusoshi masu kan roba jere da waya, fuskarsu ta canza. Ummi ta miƙa takardun jami'a ta ce kunnuwa ne na sauraron ƙasa. Ɗaya ya ce, "Mi ƙasa ke cewa?" Ta ce, "Shi za mu je mu ji."

A Maraɗi muka haɗu da Mushe Abdu, malamin jami'a na can wanda zai kai mu da motarsa. Su malami mushe suke ce masa, makaranta kuma lakwal. Dogo ne mai fara'a, yana ce mini Tsoho. Ya sauke mu gidan yayarsa. Da safe aka kawo burodi dogo kamar ƙotar fartanya, mai tauri, na ɗauka na jiya ne, na ture shi gefe a hankali don kada in kunyata masu gida. Ashe yanzu aka fito da shi daga gasawa. Shayinsu kuma hawa uku ne a ɗan ƙaramin kofi. Na sha na farko na miƙe na yi godiya, sai Mushe Abdu ya jawo rigata ya ce, "Tsoho, in ka tashi yanzu ka ce shayin bai yi ba ke nan." Na koma na zauna. Abin da na fi jin daɗi shi ne kwaɗon zogale da suke kira kopto, namu ne sak, sai dai sun fi mu sakin hannu da ƙuli.

Bayan mun wuce Madawa ƙasa ta sauya. Tuddai ne jajaye masu shafaffen kai, kamar an yanke su da wuƙa. Muka bar kwalta muka yi ta tafiya ba mu gamu da kowa ba. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin mai garin ya roƙi kada a faɗa.

Inda muka tsaya sallar azahar na sunkuya zan share wuri, sai na ga ƙasa cike da bawon katantanwa irin na gulbi, amma ya zama dutse. A kan tudu fa, inda ko kududdufi babu. Ummi ta tsinci wani abu baƙi mai tsini ta sa mini a tafin hannu, ta ce haƙorin kifi ne.

Na ce, "Ruwan Annabi Nuhu ne ya kawo su?"

Ta ce, "Baba, nan duk teku ne a da, tun ba a halicci mai ganinsa ba. Ƙananan halittun cikinsa in sun mutu sai su nutse cikin laka, wata ƙasa ta hau kansu, zafi ya yi ta dafa su. Shi ne fetur. Ni so nake in san ko baƙar lakar nan irin wadda ke haifar da shi ce."

Na mayar da haƙorin daidai inda ta ɗauke shi. Na tuna fitilar da na yi shekaru ina zuba wa kananzir, ashe matattu nake ƙonawa. Sallar nan na yi ta ina jin kamar a kan maƙabarta na shimfiɗa buzu.

Mai garin tsoho ne mai ido ɗaya. Ya ba mu ɗaki biyu da hura da cuku, ya kuma kai mu tsohon gari da kansa. Gidaje ne sun fi talatin, ba rufi, ba kaza, ba ko tsuntsu. Rijiyar na tsakiya, an jera itace a bakinta.

Ya ce, "Tun kakanni take ba mu ruwa. Da ta hwara ja baya munka ce a ƙara mata zurhi. Magina sunka taɓo baƙar laka, ruwan ya yi wari, ko jaki ba ya sha. Munka tashi."

Na ce, "Wanda ya yi saran fa?"

Ya ce, "Ya hito lahiya. Amma bai sake shiga rijiya ba har ya mutu. In an tambaye shi sai ya ce shi dai ya gama."

Na zauna da maginan garin su biyu, muka yi maganar sana'a, suka girmama ni ƙwarai. Da na kawo zancen shiga sai babban ya dubi ƙasa ya ce, "Kai baƙo ne, ba ta san ka ba. Mu ta san mu."

Washegari aka fara da sauraro. Suka ja waya doguwa ta ratsa kangon garin, suka kafa ƙusoshin nan a jere. Mushe Abdu ya ɗaga guduma ya maka wa faifan ƙarfe, sai layuka su yi rawa a kwamfutar Ummi. Ta ce ƙarar ce ke sauka ta bugi kowane hawa na ƙasa ta dawo, daga jinkirinta ake gane zurfi. Ta nuna mini wani layi ta ce ga baƙar lakar, daidai gindin rijiya. Ashe abin da nake yi da ƙotar dagi, in ƙwanƙwasa in kasa kunne, shi ake ba da digiri a kai.

Da aka gama Mushe Abdu ya ajiye guduma yana shan ruwa. Ina kallon kwamfutar, sai layukan suka motsa da kansu, sau ɗaya, kamar an buga daga ƙasa. Ummi ta ce, "Wata dabba ce ta taka kusa da waya." Na bi wayar da ido tun daga farko har ƙarshe. Babu dabba.

Na ce ni zan shiga. Ummi ta ce a'a, har da hawaye. Na ce mata shekara talatin ina wannan aiki, kuma ban ɗauko dagi tun daga Dudunni don ya sha iska ba. Muka gwada iskar ciki hawa biyu, ita ta zura ɗan akwatinta mai kuka in ya ji muguwar iska, ni na zura fitila. Akwatin bai yi kuka ba, fitilar ba ta mutu ba. Mushe Abdu ya ɗaure igiya a motarsa, maginan nan biyu suka yarda su riƙe, ba su dai leƙa ba. Ummi ta ba ni ledoji goma sha huɗu masu lamba, kowace da zurfin da za a cika ta. Ta ce, "Baba, duk sauran rakiya ce. Ta sha huɗu ita ce aikin."

A nan dole in faɗa muku abin da har zuwa ranar ban taɓa gaya mata ba, domin ba a koya wa wanda ba zai shiga rami ba. Mahaifina ya ce mini in kana cikin rijiya aka kira sunanka, kada ka amsa, shi ya sa da jan igiya muke magana. Ya kuma ce saran ƙarshe ba a fita da shi. Duk abin da dagi ya ɓanɓaro daga ƙarshe, na rijiya ne, a nan ake barinsa. Ban taɓa tambayar dalili ba, ban kuma taɓa saɓawa ba. Dabarata a ranar mai sauƙi ce: in sari baƙar lakar sau biyu, in ba Ummi na farko, in bar wa rijiya na biyu.

Rijiyoyinmu na Kusada gaba goma ne, sha biyu in ta yi nisa. Wannan ta haura ashirin. Rana na tsaka na shiga, amma kafin in kai rabi bakinta ya koma kamar faifan rufe ƙwarya. Ina sauka ina cika ledoji: ja, fara, rawaya, sai toka-toka mai danshi. A bango katantanwar nan ce jere, wasu a buɗe. Ta sha uku na cika da laka mai duhun toka, ragowar guntun na jefa a aljihu.

Gindin ya ƙuntata ƙwarai, sai da na cire ƙotar dagin na riƙe ƙarfen da hannu. Na kwashe tarkace, ga ta nan, baƙa ƙirin, sumul, tana sheƙi a hasken tocila. Na kafa ƙarfe na danna. Guntu ya ɓalle kamar tafin hannu, sanyi ƙalau. Wani wari ya taso, kamar ruɓaɓɓen ƙwai da kananzir. Ɗan akwatin Ummi da na rataya a wuya ya fara kuka.

Sai na ji an ce, "Tanko."

Ba daga sama ba. Daga inda na ɓalle guntun.

Ku da kuka san ni kun san ba mai kirana da wannan suna. Mahaifina kaɗai ke faɗinsa, shi kuwa ya rasu tun Ummi na goye. Ummi ko sunana na yanka ba ta taɓa furtawa ba, mutanen Adar kuwa Tsoho suka sani. Na dafe bakina da hannu. Aka sake faɗa, a hankali, ba faɗa ba tsawa, yadda yake kirana in ya ga na manta wani abu.

Na ɗaga ƙarfen in yi sara na biyu, hannuna ya ƙi. Kaina na juyawa, igiya kuma ta fara ja, sun ji kukan akwatin daga sama. Guntu ɗaya ne a hannuna. Shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Na tuna shekara ukun Ummi, wallahi na tuna. Na mayar da shi gurbinsa na danna da tafin hannu. Ina tashi sama na laluba aljihu, na ciro ragowar ta sha uku na tura cikin leda ta sha huɗu.

Da na fito suka kwantar da ni a inuwa suna yi mini fifita. Ummi sai da ta ga na sha ruwa na yi magana, sannan ta ɗauki ledar. Lakar da danshinta, ta yi duhu. Ta rungume ta a ƙirji ta ce, "Baba, ka gama mini komai." Mai gari ya dube ni da idonsa ɗaya ya daɗe, sannan ya ce a mayar da itacen.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, ban san ɗanɗanon abin da na ci ba. Ni da ko allurar wani ban taɓa riƙewa ba, ga ni zaune kusa da ƙarya mai lamba a jiki. In na yi shiru, ɗiyata za ta rubuta abin da ba haka ba a littafin da za ta sa sunanta, malamai su sa hannu. In na faɗa, na rushe mata aiki, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. A Maraɗi na buɗe baki sau uku, sai in ji tana gaya wa farfesanta a waya cewa an dace.

A kan iyaka aka zazzage ledojin a kan tebur. Jami'in da ya yi mini ba'ar kati ya ɗaga biyu yana dubawa a rana ya ce, "Hajiya, waɗannan ai abu ɗaya ne, kin yi wa laka lamba biyu." Sun sha iska sun fara bushewa, duk sun koma toka-toka. Ummi ta karɓa ta duba. Ba ta dube ni ba. Ta mayar cikin akwati ta rufe.

A Kankiya, muna zaune a benci muna jiran motar Kusada, na ce, "Ummi, ta sha huɗun nan ba ita ba ce." Na faɗa mata duka, har sunan.

Ta ce, "Iskar ce, Baba. Irin wannan iska tana sa mutum ya ji abin da babu. Da ka tsaya sara na biyu, da gawarka za mu jawo." Ta ciro ledar, ta soke lambar da biro, ta rubuta sha uku. Ta ce, "Da ka yi shiru na kai wannan ɗakin gwaji, da abin da zai same ni ya fi rasa shekara." Ta share ido da gefen hijabi, ta sayo mana ruwa. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar da muka kwana biyu a gida ruwan farko ya sauka. Da safe ta haɗa kaya za ta koma ta gaya wa farfesa. Ni kuma na kwance buhu in sa wa dagi sabuwar ƙota, tunda tsohuwar na baro ta a can ƙasa. Ƙota ta ƙi shiga. Na juya ƙarfen na leƙa bututunsa. A cike yake taf da baƙar laka, ta toshe kamar an danna da yatsa. Warin nan ya bugi hancina a tsakar gidana.

Na kira Ummi. Ta duba, ta sunsuna, ta ce kada in taɓa. Ta kawo cokali mai tsabta ta kankare ta baki ta zubar, ta ciro ta can ciki, baƙa ƙirin har yanzu da danshi. Ta tambaye ni sau uku ko na sari wani abu da ƙarfen bayan wannan, na ce a'a. Ta ce gwajin ba ya cin fiye da cikin cokali biyu, kuma za ta rubuta a littafinta yadda aka same ta, ba ƙari ba ragi. Ta yi dariya, ta yi kuka, uwarta ta rangaɗa guɗa. Daga baya ta bugo waya ta ce farfesa ya karɓa, aiki ya ci gaba.

Na yi mata murna har zuciyata. Sai dai ga abin da ke hana ni sukuni. Shekara talatin ban taɓa naɗe dagi ban wanke shi ba, kuma ina ganin kamar na tuna ina wanke shi a gindin motar Mushe Abdu. Ummi ta ce ban wanke ba, wai ranar ko la'asar a zaune na yi ta. Mai yiwuwa ita ce da gaskiya.

Na roƙe ta ragowar, ta bar mini kamar ƙwayar goro. Tana cikin gwangwanin madara a kan katangar bayan gida, ban yarda ta kwana a ɗaki ba. An zo mini da aikin rijiya sau biyu tun daga nan, ɗaya a Yashe, na ce su nemi wani. Ba na cewa na gama. Amma akwai abin da ba nawa ba a hannuna, kuma ba zan sake sauka ba sai ya koma. Duk wanda ya san mai tafiya wajen Madawa bayan damina, mutum mai amana wanda ba zai buɗe gwangwani a hanya ba, don Allah ya turo mini shi Dudunni. Zan gaya masa sunan garin a kunne.